Hular Samawar

Idris ya kifa samawar ɗin a kan kanta don ya duba gindinsa. A gefen ƙafa ɗaya, ƙarƙashin koren tsatsa, an karta wani zane da ƙusa: ƙafar kaza, yatsan tsakiya ya ɗan karkace. Ya yi maza ya ɗora babban yatsansa a wurin.

"Me ka gani?" mai shagon, wani Balarabe mai suna Turki, ya tambaya da Larabci, daga kujerarsa da ke gindin na'urar sanyi.

"Tukuna, ya Abu Sami. Bari in gama dubawa."

Fiye da shekara ashirin ke nan Idris yana aiki a wannan shago na unguwar Kudai a Makka, inda ake sayen tsofaffin kaya, ake kuma karɓar jingina. Butocin gahawa, carbin kahraman, wuƙaƙen Yaman, riyalolin azurfa na zamanin kakanni, duk ta hannunsa suke bi kafin Turki ya buɗe baki ya yi tayi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to shi Idris har da hanci da kunne yake awo. Sai ya ƙwanƙwasa tagulla ya saurara, ya shinshina, ya ce maka wannan bara aka ƙera shi, aka binne a taki don ya yi tsufan dole. Amma na yau bai buƙaci ƙwanƙwasawa ba. Tun kafin ya iya ɗaure wando yake shan shayi daga bakin famfon nan.

Samawar babbar tukunyar shayi ce ta tagulla, bututun gawayi a tsakiya, famfo a ƙasa, irin wadda alhazan Bukhara suka riƙa zuwa da ita Makka a da. Wani daga cikinsu ne ya bar wa kakar Idris wannan, ladan wankin da ta yi masa, a shekarun da ta iso da ƙafa daga Bichi. Ita ta karta ƙafar kazar, kamar yadda kowace mace a unguwarsu take yi wa kwanukanta shaida don kada su ɓace a gidan biki. Da ta rasu sai ya koma hannun 'yarta Hadijatu, mahaifiyar Idris. Shi kuwa samawar bai taɓa yin wata guda cur a gida ba. Suna ne, aure ne, zaman makoki ne, duk Bahaushen da ke tsohuwar unguwarsu ta kan dutse sai ya aiko aro. Hadijatu ba ta hanawa, sai dai tana da doka ɗaya: 'yar hular da ake rufe bututun da ita ba ta fita. Takan ce in ya tafi kai ba hula, dole ya ji kunya ya dawo gida.

Yau ga shi a kan kanta, kai ba hula, bayan shekara goma sha wani abu da ɓacewa.

Wanda ya kawo shi yana tsaye a ɗaya gefen, rigar aikin gini duk farar ƙura, hular kwano a hammata. Ya ce sunansa Ya'u, mutumin Tasawa ne can Nijar. Larabcinsa bai wuce na roƙon ruwa da tambayar hanya ba, shi ya sa da Idris ya gaishe shi da Hausa, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan ɗakinsu.

Matsalar ita ce Turki. Ba mugu ba ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Can baya ya taɓa sayen wani takobi, ashe na sata ne, aka rufe masa shago wata da watanni, ya sha zirga-zirga har ya rame. Tun daga ranar ya rantse: duk kayan da aka kawo, aka gano yana da mai shi, ba ciniki, ba sulhu, 'yan sanda zai kira tun mutum yana tsaye. Idris ya ga an yi haka da idonsa. In ɗan ƙasa ne, abin yakan ƙare da kwana biyu a rufe. In irin su Ya'u ne kuwa, iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ce za ta fara tafiya, sai gidan kaso, sai jirgi. Kalma biyu ce kawai, "namu ne", in suka fito daga bakin Idris, to bawan Allah nan ya gama aiki a ƙasar.

"Malam Ya'u," ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, yana bin hatiman maƙera da gilashin dubawa kamar su yake karantawa, "ina ka samo wannan?"

"Tsintuwa ni yi, Alhaji, wallahi."

"Ban ce sata ka yi ba. A ina?"

Ya'u ya saci kallon Turki. "Wajen da muke aiki, bisa dutse, inda anka rushe gidaje tun da daɗewa. Yanzu anka zo haƙar tushe. Motar haƙa ta fasa wani rami ƙarƙashin matakala, awa na ajiyar ruwa, amma busasshe. Ni leƙa, ni gan shi naɗe cikin zane."

"Wace irin matakala?"

"Guntunta dai ya rage. Jan siminti, an manna fasassun faranti a gefe."

Idris ya dafa kanta. Wannan matakalar gidansu ce. Mahaifinsa ne ya manna farantan da hannunsa, a ƙarƙashinta kuma tsohuwar birka take, wurin tara ruwa da aka daina amfani da shi tun da famfo ya hau dutsen.

Nan fa zuciyarsa ta koma kan Hussaina, aminiyar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata. Ita ce ta ƙarshe da ta ari samawar, bikin 'yarta, gab da Hajji. A Hajjin shekarar ne Malam, mahaifin Idris, ya faɗi a Muzdalifa yana tuƙa alhazai, bai tashi ba. Da aka zo zaman makoki aka nemi samawar, babu. Hussaina ta ce ai ta mayar, a hannun Malam ta danƙa shi. Hadijatu kuwa, da zafin takaba da zafin hali, ta dube ta a tsakiyar mata ta ce, "Kin ga ya mutu ne, shi ya sa kike jingina masa." Hussaina ta sa takalminta ta fita. Ba a daɗe ba aka shafa wa gidaje jan fenti na alamar rushewa, aka watsa unguwar, kowa ya kama gabansa. Yau duk su biyun a unguwar Ka'akiyya suke, tsakaninsu bai fi tafiyar tsohuwa da sanda ba, amma ko a jana'iza suka haɗu, kowace gefenta take kamawa.

"Zanen fa, yana ina?"

Ya'u ya taɓa buhun da ke ƙafarsa. Idris ya leƙa. Tsohon harami ne na aikin Hajji, ya yi ja don ƙasa, da faci a gefe da shuɗin zare.

Bai ji tasowar Turki ba, sai ƙanshin turarensa a kafaɗa.

"Kun daɗe kuna hira. Ɗaga yatsan nan naka."

Idris ya ɗaga. Turki ya sunkuya, ya kalli zanen, ya miƙe a hankali.

"Wannan shaidar matanku ce, ya Idris. Na sha ganinta a gindin farantanku. Kayan gida ne, yana da mai shi. Shi wannan ɗan gini da ya sauka jiya, ina ya ga kaka mai samawar?" Ya zaro waya daga aljihu, ya matsa ya tsaya tsakanin Ya'u da ƙofa. "Tambaye shi. Kuma yadda ya faɗa za ka faɗa mini, kada ka gyara."

Ya'u bai ji Larabcin ba, amma ya ga waya, ya ga inda mutumin ya tsaya. Hular kwanon ta suɓuce daga hammatarsa ta gangara ƙarƙashin kanta, bai ko bi ta ba.

"Alhaji, don girman Allah. In bai so, shi bar shi nan, in tafi, ban son kuɗin. Ɗiyana na gida, da tsohuwata. Ni kaɗai ne a waje."

Gaba kura, baya sayaki. In Idris ya faɗi gaskiya cewa daga wurin haƙa aka ɗauko, Turki zai danna wayar. In ya ce nasu ne, zai danna. In kuma ya shirga ƙarya, to shekara ashirin ke nan bai taɓa yi wa mutumin nan ita ba, kuma amanar nan ce kaɗai jarinsa a kasuwar. Ya dubi samawar. Ga lotsawar da ya yi ranar da aka kayar da shi a matakala, ga likin dalma a wuyan famfo. Wallahi yana son abin nan. Ya so ya rungume shi ya fita da gudu, ya ajiye a gaban tsohuwarsa ya ga fuskarta.

"Malam Ya'u," ya ce, "ka saurare ni, kuma kada fuskarka ta nuna komai. Wannan abu na gidanmu ne. Na kakata ne."

Ya'u ya fara durƙusawa.

"Tsaya da ƙafarka. Na ba ka shi kyauta, halak malak, duniya da lahira. Ka ce ka karɓa."

"Alhaji, ni..."

"Ka ce ka karɓa, mutumin nan yana kallonmu."

"Na karɓa."

Idris ya juya ga Turki, ya koma Larabci. "Na san shaidar, na san gidan. Mutanenmu ne na kan dutse. Ɗan gidan ne ya ba shi kyauta, kuma a gabana aka yi."

"A gabanka."

"A gabana, wallahil azim."

Turki ya tsura masa ido. Na'urar sanyi tana ta ruri. Wata motar alhazai ta yi ƙaho a waje, ta wuce. Can dai Turki ya sauke wayar, ya miƙa hannu aka ba shi iƙamar Ya'u, ya ɗauki hotonta gaba da baya.

"Ban taɓa kama ka da ƙarya ba, shi ya sa. Amma ka ji da kyau: ranar da wani ya shigo shagon nan ya ce nasa ne, da kai da shi zan haɗa. Ƙarasa aikinka."

Idris ya ƙarasa. Ya zuba ruwa ya ga famfon ba ya ɗiga, ya haska ciki ya ga shafen kuza yana nan, ya karanta hatiman ɗaya bayan ɗaya. Bai rage wa abin ƙima ko ta ƙwayar zarra ba, ko da yake ya san duk abin da ya ƙara, hannunsa ne yake ƙara yin nisa da shi. Dama dokar shago ce, ma'aikaci ba ya sayen kayan da ya auna, kuma ko babu dokar, albashinsa ba zai kai can ba. Da Turki ya faɗi tayinsa, Idris ya fassara, sai Ya'u ya ce a maimaita masa, don bai yarda da kunnensa ba.

"Asara ɗaya, ba shi da hula," in ji Turki, yana shafa wuyan bututun. "Akwai wani mai tara irin waɗannan a Jidda, ran Alhamis zai zo. Da da hularsa, ko tayi ba zai tsaya yi ba. Goge ƙurar ka sa shi a taga, kada ka taɓa tsatsar."

A bakin ƙofa Ya'u ya kama hannun Idris da hannu biyu, ya rasa ta inda zai fara.

"Tafi kawai," in ji Idris. "Zanen za ka bar mini."

Da ya koma bayan kanta sai abin ya sauko masa. Ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Mai samawar tana nan da ranta, da bakinta, da hular a hannunta. Ɓoye mata kuwa ba zai yiwu ba: ta gaban tagar nan matan unguwarsu suke bi su hau motar Harami, kafin Alhamis wata za ta gani, kafin ta kai gida labari ya riga ta. Hadijatu kuma in ta ji, abaya kawai za ta yafa ta zo ta dire hular a kan kanta.

Ana idar da la'asar ya nemi izini ya nufi Ka'akiyya.

Ya sami mahaifiyarsa a falo, ta miƙe ƙafafu a kan darduma tana tsince zogale a faranti. Hular tana inda ta saba, cikin kabad ɗin gilashi, tsakanin kofunan baƙi, sai ƙyalli take. Duk Juma'a sai ta goge ta da toka da lemun tsami.

"Yau kuma da wuri haka? An kore ka ne?"

"A'a, Umma." Ya zauna a ƙasa, ya ajiye ledar zanen a bayansa. "An ga samawar."

Farantin ya karkace, zogale ya zube.

"A gidanta?"

"A shagonmu. Wani ɗan gini ne ya kawo."

"Ato. Ta gaji da ɓoyo, ta ba wani ya sayar mata." Ta dafa bango ta fara miƙewa. "Ɗauko mini abayata, ka buɗe kabad ɗin can. Yau Balaraben nan naka zai ga mai shi."

"Umma, ki zauna in gama."

"A mota ka gama."

"In kika shiga shagon da hular nan, 'yan sanda za a kira. Mutumin da ya kawo shi baƙo ne, daga Nijar, iƙamarsa tana cikin wayar Turki. Kama shi za a yi a mayar da shi gida hannu rabbana. Ba sata ya yi ba, tsinta ya yi." Ya ɗago ya dube ta. "Kuma na riga na ba shi. Na ce ɗan gidan ya ba shi kyauta, na rantse a kai."

Ta daina neman takalmi, ta juyo gaba ɗaya.

"Ka ba shi."

"Na ba shi, Umma."

"Naka ne?"

"A'a."

"Ubanka ne ya saya, ko kai ka yi wankin da aka biya da shi? Uwata hannunta har tsagewa ya yi a ruwan sabulu. Ni ina raye, ina numfashi, ka raba gadona a kasuwa, ka ba wanda ko sunan ubansa ba ka sani ba." Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. "Shekara nawa ina goge hular nan? Kai ne za ka ɗauko mini abayar, ko in kira maƙwabta?"

Idris ya jawo ledar, ya zazzage zanen a gabanta. Ƙurar birka ta tashi ta cika falon da warin tsohuwar ƙasa.

"A cikin wannan aka same shi."

Ta tsaya tana kallonsa daga sama. Sannan ta durƙusa da ƙyar, ta warware shi, ta bi gefen da yatsa har ta kai kan facin. Ta jawo shi kusa da idonta. Ita ta yi ɗinkin, da shuɗin zare, don farin ya ƙare mata a ranar, Malam kuma yana tsaye yana cewa mota za ta tashi.

"A ina?" ta ce.

"A birka, ƙarƙashin matakalarmu."

Ta zauna daɓas. Kowace shekara in Hajji ya zo, sukan ba alhazai hayar ɗakunan su koma saman soro, a kulle kayan gida a ɗakin ajiya.

"A shekarar har ɗakin ajiyar ya bayar haya. Na ce masa ina za mu kai kaya, ya ce in bar masa, ya san wuri." Ta naɗe gefen zanen a hannunta. "Ashe ta ba shi."

Idris ya sunkuyar da kai.

"A tsakiyar mata na faɗa mata, Idrisu. Ita ta yi mini wankan jegonka."

Ba ta yi kuka da sauti ba, hawayen ne kawai suke bin tsagar fuskarta suna sauka a kan haramin. Shi kuwa bai san ko ya yi magana ba, don har yanzu ba ta ce komai a kan Ya'u ba, abayar kuma tana rataye a bayan ƙofa. Rana ta sauka daga taga ta koma kan bango. Sannan ta share fuska da bakin mayafi.

"Yana da 'ya'ya, ɗan ginin?"

"Ya ce yana da su, da tsohuwa."

"Hm." Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Ɗauko abayar."

"Umma..."

"Na ce ka ɗauko."

Ya ɗauko, ta yafa. Ta taka zuwa kabad ɗin, ta buɗe, ta fito da hular, ta huro mata iska, ta goge da gefen abaya kamar yadda ake goge wa yaro fuska in za shi unguwa. Ta riƙe ta a tafin hannu na ɗan lokaci. Sannan ta kamo hannun Idris ta danƙa masa, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Na ba shi, tun da kai ba ka da abin bayarwa. Rantsuwarka ta tsaya. Wannan kuma gobe ka ɗora masa, ka ce wa Balaraben 'yan gidan ne suka aiko. Ba inda zai dawo yanzu, kada ya je ya zauna a gidan mutane kai ba hula."

Ta sunkuya ta ɗauki haramin, ta ninke shi, ta danna a hammata.

"To ina za mu, Umma?"

"Gidan Hussaina. Ka ajiye ni a ƙofa ka tsaya a mota, kada ka kashe ta tukuna. Ban sani ba ko za ta buɗe mini."